Haƙƙin Kare a Kan Ubangidansa

Duk wanda ya nazarci maganganun Bahaushe zai tarar kare ba shi da wata daraja a bakinsa. In an tashi zagi, da sunansa ake yi. In an gan shi a lungu, jifa ce gaisuwarsa. Amma kuma wannan kare shi ne ke kwana ido biyu yana gadin gida, shi ke gaban mafarauci a dawa, shi ke bin makiyayi yana tsare masa garke. A ganina akwai rashin adalci a nan, domin kuwa masu iya magana sun ce kowa ya ci ladan kuturu ya yi masa aski.

Wasu na fakewa da addini, alhali malaman Malikiyya, mazhabar da muke bi a ƙasar Hausa, suna ganin kare mai rai ba najasa ba ne, kuma an halatta ajiye shi don farauta da tsaron dabbobi da gona. Wanda ya ajiye shi kuwa, cinsa da shansa sun hau kansa.

Askin da ake nema bai fi ƙarfin talaka ba. A ba shi ruwa mai tsabta kullum, da inuwa, musamman a zafin bazara. A ba shi abinci a kwanonsa maimakon a bar shi yana tonon juji, amma a kauce wa albasa da dafaffen ƙashin kaza, don albasa na lalata masa jini, ƙashin kuma yakan tsage ya soke shi. A riƙa duba kunnuwansa da tsakanin yatsunsa saboda kaska, a kuma nemi maganin tsutsar ciki wajen likitan dabbobi.

Mafi girma duka shi ne allurar rigakafin haukan kare. Ana yi wa kwikwiyo tun yana wata 3, sa'an nan a riƙa maimaitawa yadda likita ya tsara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar na kashe kimanin mutum 59,000 a shekara, yawancinsu a Afirka da Asiya, kuma yara ne kaso mai yawa. Da zarar alamunta sun bayyana, da wuya a tashi. Tun 1885 Louis Pasteur ya yi nasarar yi wa mutum rigakafinta a Faransa, a nan gida ma cibiyar binciken dabbobi ta Vom tana yin ta karnuka. To, mene ne uzurinmu?

In kuwa kare ya ciji mutum, a wanke wurin da sabulu da ruwa har minti 15, a garzaya asibiti, kada a tsaya jiƙe-jiƙe.

Malamaina da 'yan'uwana ɗalibai, mu ne masu sarrafa harshen da jama'a ke ji. Ya kamata mu kai wannan bayani ƙauyukanmu in mun tafi hutu, domin allurar da aka yi wa karen maƙwabci tsaro ce ga yaran unguwa baki ɗaya. Allah ya sa mu dace, amin.