Daga Korona zuwa Mashaƙo

Annoba idan ta game duniya ba ta tsayawa kan waɗanda ta kama kaɗai, domin takan sauya tafiyar sauran cututtuka masu yaɗuwa, ta danne wasu, ta buɗe wa wasu ƙofa. Dokar kulle da sanya takunkumi da taƙaita tafiye-tafiye a lokacin korona sun rage yaɗuwar mura mai tsanani ƙwarai a 2020, har wani reshe na ƙwayar murar, wanda masana suke kira Yamagata, ba a sake tabbatar da ɓullarsa ba tun watan Maris na shekarar.

Ɗaya ɓangaren shi ne mai nauyi. Yayin da aka karkatar da ma'aikatan lafiya da kuɗi zuwa yaƙi da korona, iyaye mata da yawa sun ƙaurace wa asibiti saboda tsoro, aka kuma dakatar da zagayen rigakafi na gida-gida a ƙasashe da dama. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF sun nuna cewa a 2021 yara miliyan 25 ba su kammala allurai ukun da ke kare su daga mashaƙo da tarin shiƙa ba. Irin wannan giɓi ba ya bayyana nan take, sai yaran da ba a yi wa rigakafi ba sun taru sun yi yawa, har abin da ake kira garkuwar jama'a, wato kariyar da masu rigakafi suke bai wa marasa shi ta hanyar datse yaɗuwar cuta, ta raunana.

A ƙarshen 2022 mashaƙo ya ɓarke a Najeriya, Kano ce kuma ta fi ɗanɗana kuɗarsa, sannan a 2023 aka gan shi a jihar Damagaram ta Nijar. Cuta ce da ke kumbura wuyan yaro, ta shimfiɗa wata fata mai launin toka a maƙogwaronsa har numfashi ya gagara. Gaskiya ne ƙarancin rigakafi a waɗannan yankuna ya girmi korona, amma annobar ta ƙara faɗaɗa ramin, kuma sakaci ne a jira wata ɓarkewa kafin a cike shi.

Don haka hukumomi su bi sawun yaran da aka haifa a shekarun kulle, iyaye kuma su duba katin rigakafin 'ya'yansu, duk wanda bai kammala alluransa ba a kai shi asibiti mafi kusa.