Wasiƙa zuwa ga ƙannena masu tsaron baya a Ƙonni, Malbaza da Illela



Da ku nake, ku 'yan matan da kuke tsayawa a gaban mai tsaron gida, a filin makaranta a Birnin Ƙonni, ko a fegi mai tsakuwa a Malbaza da Galmi, ko can Badagishiri da Illela, inda duwatsu biyu ne raga. Na san ba ku da yawa. Na san kuma in an tashi wasa, sunan wadda ta jefa ƙwallo a raga ake kira. Ke da kika hana uku shiga sai ki kaɗe ƙura ki kama hanyar gida. Ina ganin aikinku, shi ya sa na ɗauki alƙalami. Shawarata guda ce, a fili da wajen fili: kada ki yi gaggawar zubewa ƙasa.

In 'yar gaba ta taho miki da ƙwallo a guje, zuciya za ta ce ki afka mata. Abin da take jira ke nan. Da kin miƙa ƙafa, ta kauce, kin zama 'yar kallo. Ki ɗan ranƙwafa, ki ba ta gefe, ƙafa ɗaya gaba ɗaya baya, idonki a kan ƙwallo, ba a kan rawar ƙafafunta ba. Ki riƙa ja da baya sannu sannu kina kora ta bakin layi, wajen ƙafar da ba ta iya bugu da ita. Za ta taɓa ƙwallon ta yi mata nisa. Nan ne lokacinki. Zamiya a ƙasa makamin ƙarshe ce, kuma a filayenmu na jar ƙasa fatar cinyarki ce za ta biya.

Ki buɗe baki. Ke ce mai ganin fili gaba ɗaya, don haka ke za ki ce a matso, a koma, a kama waccan. Ku huɗun baya ku tashi tare, ku koma tare. In ɗaya ta maƙale a baya, tarkon satar gida ya lalace, kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

A watan Mayun 2019, a gasar mata ta yammacin Afirka da aka buga a Abijan, Najeriya ta ci 'yan matanmu na Mena, tawagar ƙasarmu, 15 da nema. Abin ya yi mini ciwo, amma ba ƙarfin ƙashi aka fi mu ba, shekarun horo aka fi mu. Najeriyar nan, a gasar cin kofin duniya ta 2023, ta buga wasa huɗu. Kanada da Ailan da Ingila duk sun kasa zura mata ƙwallo ko ɗaya a cikin wasa, sai a bugun fenariti Ingila ta fitar da ita. Tsaron bayan da aka gina a hankali ne ya yi wannan aikin. Ku dubi Onome Ebi, wadda ta taso daga Omidiran Babes ta Oshogbo, ta wuce Bayelsa Queens, sai da ta ƙware a gida kafin ta tafi Suwidin. Ta halarci kofin duniya shida, daga 2003 zuwa 2023, na ƙarshe tana da shekara 40. 'Yar baya kamar albasar Galmi take: wadda aka cire ba ta ƙosa ba, ba ta jure ajiya.

Haka za ki bi da gida. Kada ki fita atisaye a ɓoye, domin abin da aka fara da ƙarya ba ya nisa. Ki fara shawo kan inna, ki roƙi mai horar da ku ya je ya gaida baba, ya faɗa masa inda kuke wasa da lokacin da kuke tashi. In maganar sutura ce, tun 2014 dokar ƙwallo ta halatta rufe kai. Ranar 30 ga Yuli 2023, Nouhaila Benzina ta Maroko, 'yar baya irinku, ta buga da Koriya ta Kudu sanye da hijabi, ita ce ta farko da ta yi haka a kofin duniya na manya, kuma suka ci 1 da nema.

Wata rana wani zai zo da daɗin baki, ya ce zai kai ki Turai ko ƙasashen Larabawa in iyayenki sun kawo kuɗi. Wannan ma 'yar gaba ce mai rawar ƙafa. Ki tsaya ki duba. Dokar FIFA ta hana kai 'yar wasa ƙungiyar wata ƙasa kafin ta cika shekara 18, in ba da wasu 'yan dalilai ƙayyadaddu ba. Kada ki ba kowa fasfonki. Kada ki yarda a rage miki shekaru a takardar haihuwa. Ki tabbata lasisinki na hukumar ƙwallonmu, FENIFOOT, da sunanki na gaskiya yake, kuma kada ki sa hannu a yarjejeniyar da wani naki mai jin Faransanci bai karanta muku ba. Ko Yamai aka kira ki, ki tambaya: ina zan kwana, wa zai ciyar da ni, wa zai biya magani in na ji rauni? Kuma ki riƙe karatunki har BEPC da abin da ya fi, don gwiwa ɗaya tana iya rufe littafin ƙwallo a yini guda.

Gwiwar ma ki kula da ita, domin tsinkewar jijiyarta ta fi samun mata. Ki ɗumama jiki kafin wasa, ki koyi dira da gwiwa a lanƙwashe. A zafin Afrilu da Mayu ku yi atisaye da sassafe ko bayan la'asar, da ruwa a kusa. Haila tana rage jini, sai ki yawaita wake, zogale da hanta.

Ƙannena, ranar da aka wuce ki aka ci, kada ki zauna kina riƙe da kai. Ki tashi ki koma gurbinki, ki kira 'yan uwanki su daidaita layi. Akwai ƙananan yara mata a bakin fili suna kallon yadda kike tsayawa, kuma daga gare ki za su koya.

Allah ya yi muku albarka, ya tsare ƙafafunku.

Taku,
yayarku mai ƙaunarku.