Gani Ya Kori Ji: A Bar Ɗalibai Su Haɗa Wa Madubin Likita Ido Da Hannunsu

Duk malamin kimiyyar halittu da ya koyar a makarantar sakandare ya san wannan hali: aji ya cika maƙil, madubin likita ɗaya ne ko biyu, darasi kuwa minti arba'in. Malam ya ɗiga ruwan kududdufi a kan gilashi, ya lalubo halittar da yake nema, ya ce a yi layi. Kafin yaro na biyar ya kai idonsa, halittar ta yi iyo ta ɓace, ko ruwan ya bushe, ko wani ya taɓa saitin. Saura sai su leƙa su ce, "Mun gani, Malam," don kunya kawai. Daga nan a koma kan allo a kwafi zanen Amoeba da Paramecium, a haddace sunayen sassansu, a shiga jarrabawar WAEC ko NECO da ilmin ji, ba na gani ba.

Ra'ayina shi ne makarantun Tudun Wada da kewaye suna iya magance wannan matsala da ɗan allon kwamfuta mai ɗaukar bidiyo, wanda za a haɗa da tsohon madubin da ke kulle a kabad, hoton ya fito a talabijin kowa ya gani a lokaci guda. Amma da sharaɗi: kada a sayo na'urar a haɗe. A sayo sassanta, malamai da ɗalibai su harhaɗa da hannunsu, domin harhaɗawar ita ce rabin darasin.

Me Ya Sa Sai Bidiyo?

Babbar alamar rai ita ce motsi, zane kuwa ba ya motsi. Tarihin kimiyya ya tabbatar da haka. A shekarar 1674 Antonie van Leeuwenhoek, wani mai sayar da yadi a garin Delft na ƙasar Holan, ya duba ruwan tafki da madubin da ya ƙera da kansa, ya ga ƙananan halittu suna kai da kawowa. A shekarar 1880 kuma, a Kustantin ta ƙasar Aljeriya, likitan sojan Faransa Alphonse Laveran ya duba ɗanyen jinin wani mai zazzaɓi, ya ga wasu siraran zare suna wutsil-wutsil. Wannan motsin ne ya tabbatar masa cewa abu mai rai ne ke haddasa zazzaɓin cizon sauro, ba mugunyar iskar fadama ba kamar yadda aka daɗe ana zato. Da busasshen hoto ya gani, da wuya ya yi saurin gaskatawa. Haka ɗalibi yake. Ranar da ya ga Paramecium yana kaɗa gashin jikinsa, ya ci karo da tsaki ya ja da baya ya sake hanya, ranar ce zai yarda cewa abin da ke cikin littafi gaskiya ne, kuma yana nan a kwatar ƙofar gidansu.

Mene Ne Wannan Allo?

Kwamfuta iri biyu ce. Akwai wadda muka saba gani a kan tebur, akwai kuma wadda ake dasawa a cikin wata na'ura don ta yi aiki ɗaya tak, kamar ta cikin dikoda, ko kyamarar tsaro, ko injin duba ciki na asibiti. Kafin injiniyoyi su ƙera irin waɗannan na'urori, sukan gwada dabararsu a kan wani buɗaɗɗen allo mai ɗauke da ƙwaƙwalwar kwamfuta da ramukan jona wayoyi. Shi ake kira allon gwaji. A da, allunan sarrafa bidiyo, irin jerin DaVinci na kamfanin Texas Instruments a Amurka, kayan kamfanoni ne da manyan jami'o'i. Al'amarin ya canja a watan Fabrairu na 2012, lokacin da Eben Upton da abokan aikinsa a Kambirij ta Ingila suka fitar da Raspberry Pi a kan dala 35, da niyyar yara su koyi kwamfuta. Girmansa bai wuce katin banki ba. A 2013 aka yi masa kyamara mai ɗigo miliyan 5, a 2016 mai miliyan 8, sannan a 2020 aka fitar da mai miliyan 12 wadda ake iya cire mata gilashi a ɗaura ta kai tsaye a kan madubin likita.

Ɗalibin da ya karanta ido zai fahimci kyamarar nan da nan. A bayan idon mutum akwai wani tantani mai ƙwayoyin jin haske iri biyu: masu siffar sanda, kimanin miliyan 120, masu aiki a duhu-duhu, da masu siffar tsini, kimanin miliyan 6, masu rarrabe launi. Masu tsinin nan kashi uku ne, kowanne da launin da ya fi ji. Kyamara ta kwaikwayi wannan tsari: faifanta yana da miliyoyin ɗigogi masu mai da haske lantarki, an lulluɓe kowane ɗigo da matacin ja, ko kore, ko shuɗi. Allon shi ne a matsayin ƙwaƙwalwa, yana karɓar saƙon ya mai da shi lambobi.

Aikin nan kuwa ba ƙarami ba ne. Hoto ɗaya mai faɗin ɗigo 1,920 da tsawon 1,080 yana da ɗigo 2,073,600. Kowane ɗigo yana cin bayit 3, bidiyo kuma hoto 30 ne a daƙiƙa. In aka ninka, ana samun bayit sama da miliyan 186 a kowace daƙiƙa, wato katin ajiya mai gigabayit 32 zai cika kafin minti uku. Saboda haka allon yake matse bidiyon da wata dabara mai suna H.264, wadda aka amince da ita a 2003: maimakon ya adana kowane hoto cikakke, sai ya adana abin da ya canja tsakanin hoto da mai bi masa. Ga lissafi, ga fizis, ga kimiyyar halittu, duk a kan allo ɗaya.

Yadda Ake Harhaɗawa

Abubuwan bukata su ne allon, da kyamararsa, da katin ajiya irin na wayar hannu, da caja mai ƙarfi, da wayar HDMI, da talabijin, da madannai. Da farko a zuba wa katin manhajar Raspberry Pi OS, wadda kyauta ce, ta hanyar wata kwamfuta mai intanet. Sau ɗaya ake wannan. Bayan haka allon yana aiki ba tare da intanet ba. Sannan a jona kyamara da lallausar wayarta mai kama da kintinkiri: a ɗaga maƙallin ramin a hankali, a zura ta daidai, a mai da maƙallin. Kada a kuskura a yi haka alhali wuta tana jone. A lokacin hunturu kuma, da yake busasshiyar iska tana tara lantarki a jikin mutum, irin wanda kan yi tartsatsi in an tuɓe riga da dare, wajibi ne a taɓa ƙarfe kafin a taɓa allon, domin wannan ɗan tartsatsin ya isa ya kashe kyamara.

Wuta ita ce inda aka fi tuntuɓe. Raspberry Pi 4, wanda ya fito a 2019, yana bukatar bolt 5 da amfiya 3. Cajar waya mai rauni za ta kunna shi, amma zai riƙa sanƙarewa, a ɗauka allon ne ya lalace. Ɗaukewar wuta ba zato kuma tana ɓata manhajar da ke kan kati. Maganin abin shi ne a riƙa ba shi wuta daga batir ko fawa-banki, a kashe shi ta hanyar manhaja kafin a zare waya, a kuma ajiye kati na biyu mai kwafin komai a ofishin shugaban sashe. Zafin bazarar Zariya ma abin lura ne: in ƙwaƙwalwar allon ta kai digiri 80 sai ta rage gudu da kanta, don haka a sa mata ɗan ƙarfen sanyaya ko 'yar fanka, a kuma rufe ta daga ƙura.

In an kunna, a rubuta umarnin rpicam-hello. Idan hoto ya fito, an ci rabin yaƙi. Saura a zare gilashin da ake sa ido a kansa, a zura kyamara a bututun madubin ta hanyar ɗan mahaɗi. Yawancin madubban makaranta faɗin bututunsu milimita 23.2 ne. A ƙarshe a ɗora rula mai garai-garai a ƙarƙashin ƙaramin gilashi, a auna faɗin milimita ɗaya a fuskar talabijin, domin ɗalibai su iya faɗin girman abin da suke gani da lamba, ba da kintace ba.

Abin Da Za A Gani

Zariya ba ta rasa abin dubawa. Ruwan kogin Kubanni da kududdufan damina cike suke da Euglena da Spirogyra da danginsu. Fatar albasa tana nuna katangar ƙwayar halitta, bayan ganye yana nuna ƙofofin numfashi. Ko ba madubi, kyamarar tana nuna bambancin tsutsar sauron Anopheles, mai kwanciya a miƙe daf da fuskar ruwa, da ta Culex mai ratayuwa a karkace. Yaron da ya gane wannan zai san kaskon da ya kamata a kifar a gidansu. Haka kuma, in aka sa allon ya ɗauki hoton ƙwayar wake sau ɗaya a kowane minti 10, zai tara hoto 144 a kwana. In aka nuna su 24 a daƙiƙa, kwana guda ya koma daƙiƙa 6, sati ya koma daƙiƙa 42: a ga saiwa tana nutsawa ƙasa, tsiro yana bin haske. Wannan ido kaɗai ba zai taɓa gani ba.

A nan dole in ja kunne. Ruwan rafi da na tafki yana iya ɗauke da tsutsar tsargiya, wadda ke huda fata, don haka da ludayi da safar hannu ake ɗiba. Jini da fitsari kuwa ba na aji ba ne; a nemi busassun gilasan da ƙwararru suka shirya. Na'urar koyarwa ce, ba ta gano cutar kowa ba.

Masu Ja Da Wannan Ra'ayi

Wani zai ce ai intanet cike take da bidiyon da ya fi wannan kyau. Gaskiya ne, amma kallon abin da wani ya ɗauka a Turai ɗan'uwan ji ne. Kimiyya tana farawa ne ranar da yaro ya ɗebo ruwan unguwarsu, ya yi tambaya, ya nemi amsa da kansa.

Wani kuma zai ce a kara wayar hannu a bakin madubi mana. Wannan dabara ce mai kyau, duk malamin da ba shi da wata hanya ya fara da ita gobe. Sai dai waya ta mai ita ce, tana tafiya gida da shi, ba za a bar ta sati tana gadin ƙwayar wake ba, kuma a rufe take, ɗalibi ba ya koyon abin da ke cikinta.

Hujjar da ta fi nauyi ita ce ta kuɗi da gyara. Kayan daga waje suke zuwa, farashinsu yana bin canjin dala, kuma mun sha ganin na'urori masu tsada sun zama matattarar ƙura saboda waya ɗaya ta tsinke. To, wannan shi ne ainihin dalilin sharaɗina. Abin da mutum ya haɗa da hannunsa ba ya tsoron buɗe shi. A birnin Darussalam na Tanzaniya, injiniyoyin STICLab sun haɗa kai da Richard Bowman da masana na jami'o'in Kambirij da Bath, da Cibiyar Lafiya ta Ifakara, wajen ƙera madubin OpenFlexure mai aiki da Raspberry Pi, da nufin a riƙa yin sa da gyara shi a gida. Mu ma ba baƙin wannan hali ba ne. A nan Zariya aka fara jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945, 'yan ƙasa suka koyi jera haruffa da sarrafa injin ɗab'i, har Abubakar Imam da Rupert East suka bayyana ilmin halitta da Hausa a littafin Ikon Allah. Masu gyaran waya na Tudun Wada da Sabon Gari kuwa kullum suna aikin da ya fi wannan laushi.

Akwai iyaka guda da ya kamata a amince da ita. Tun 1873 Ernst Abbe ya nuna cewa madubi mai aiki da haske ba ya rarrabe abin da ya gaza kimanin kashi ɗaya cikin 5,000 na milimita. Kyamara ba ta ƙetare wannan iyaka, ba ta kuma gyara gilashin da ya yi hazo. Har ila yau ba ta maye gurbin idon ɗalibi da fensirinsa: bayan kallo a talabijin, kowa ya koyi saita madubi, ya zana abin da ya gani.

Kira

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kowace makaranta ta fara da allo ɗaya, ta damƙa shi ga ƙungiyar JETS ƙarƙashin malamin kimiyyar halittu da na fizis, ƙungiyar iyaye da malamai ko ta tsofaffin ɗalibai ta ɗauki nauyin saye. Jami'ar Ahmadu Bello da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Nuhu Bamalli, tare da ƙungiyar malaman kimiyya ta STAN, su shirya wa malamai bita a lokacin hutu, kowa ya haɗa nasa allon tun daga fanko. Ku kuma ɗalibai, maza da mata, ku rubuta kowane mataki da kowace matsala a littafi guda, da Hausa da Ingilishi, ku bar wa 'yan bayanku. Makarantar da ta yi haka za ta wayi gari da yaran da suka ga halitta da idonsu, suka kuma san yadda aka yi suka gan ta.