SANATOCIN KANO: WA SUKE WAKILTA A ABUJA?

Da zarar kakar zaɓe ta ƙarato sai ka ga an cika bangayen Kano da hotunan wasu mutane masu manyan riguna, kowanne da murmushinsa, an rubuta "Sanata insha Allah" a ƙasa. Masu manna hotunan matasa ne. Masu bin motocin kamfe da gorori da tutoci matasa ne. Waɗanda ake sara, ake kwantarwa a Asibitin Murtala, su ma matasa ne. To tunda jinin matashi da guminsa ake sayen wannan kujera da su, ya kamata a ce ya san tarihin waɗanda suka hau ta, ya kuma san abin da suka kawo gida.

Jihar Kano an ƙirƙiro ta a 1967 a zamanin soja, don haka sai a 1979 ta fara tura 'yan Majalisar Dattawa da sunanta. A wancan lokacin jihohi 19 ne, kowacce da kujeru biyar, jimla 95. Kano, wadda Jigawa ke cikinta a lokacin, ta miƙa dukkan kujerunta biyar ga PRP ta Malam Aminu Kano, jam'iyyar mabuɗi. Talakawa sun yi wannan ne da zuciya ɗaya, saboda sun gaji da haraji da jangali da bulalar dogarai, kuma tun zamanin NEPU ake yi musu alkawarin sawaba. Ba a je ko'ina ba jam'iyyar ta dare gida biyu, Santsi da Taɓo, aka koma zagin juna a dandali. Wanda ya fi shahara a cikin sanatocin biyar shi ne Alhaji Sabo Bakin Zuwo na ɓangaren Taɓo, wanda ya taka kujerar ya haye ta Gwamna a 1983 bayan ya kayar da Abubakar Rimi. Wata uku kacal ya yi sojojin Buhari suka zo. Aka ba da sanarwar samun tsabar kuɗi Naira miliyan 3.4 a gidansa, kotun soja ta ɗaure shi. Wannan fa a jam'iyyar da ake kira ta ceton talaka ke nan. Ina ga sauran?

Majalisar 1992 kuwa ba ta cancanci dogon bayani ba. Babangida ne ya gina ta, shi ya yanka wa mutane jam'iyyu biyu, SDP da NRC, ya ce kowa ya shiga ɗaya. Ya soke zaɓen 12 ga Yuni 1993 suna zaune, Abacha ya zo a watan Nuwamba ya ce kowa ya kama gabansa, suka tattara takardunsu suka dawo gida.

Daga 1999 ne labarin ya yi tsawo. Kujeru 109 ne a majalisar, kowace jiha uku, Abuja ɗaya. Kano mai ƙananan hukumomi 44 an raba ta uku: ta Tsakiya 15, ta Arewa 13, ta Kudu 16. Kowace shiyya da irin salon da ta bi, kuma a nan ne mai hankali zai ga abin mamaki.

Kano ta Tsakiya ta ɗauki hanyar canji. Ibrahim Kura Muhammad a 1999, Rufa'i Sani Hanga a 2003, Muhammad Adamu Bello a 2007, Bashir Garba Lado a 2011, Rabi'u Musa Kwankwaso a 2015, Ibrahim Shekarau a 2019, sai Hanga ya sake dawowa a 2023. Zaɓe bakwai, ba wanda ya yi biyu a jere. Kano ta Kudu kuma, bayan Mas'ud El-Jibril Doguwa da Usman Kibiya Umar, sai ta riƙe mutum ɗaya, Kabiru Gaya, daga 2007 har 2023, shekara 16 cur. Kano ta Arewa mutum biyu ne suka kusan cinye zamanin gaba ɗaya: Bello Hayatu Gwarzo, wanda ko da aka ce Aminu Sule Garo ya kayar da shi a 2007 kotu ta dawo masa da kujerar, har ya zama bulaliyar majalisa, sannan Barau Jibrin daga 2015, wanda ya zama Mataimakin Shugaban Majalisar a Yunin 2023.

To ga shi an gwada duka biyun. Masu cewa "a canza, sabon jini ake so" an yi musu yadda suke so a Tsakiya. Masu cewa "a bar shi ya daɗe ya zama babba, sai ya fi kawo aiki" su ma an yi musu a Kudu da Arewa. Sai mai karatu ya zagaya Sharaɗa da Challawa da Bompai ya ƙirga masaƙun da aka garƙame ƙofofinsu, ciyawa ta cinye harabarsu. Ya shiga Ƙurna ko Rijiyar Lemo ya tambayi nawa ake sayen jarkar ruwa a wajen 'yan garuwa, a jihar da take da madatsar Tiga da ta Challawa. Ya leƙa ƙauyukan Sumaila da Tudun Wada da Doguwa ya ga azuzuwan da yara ke zaune a ƙasa. Wace shiyya ce za ta ɗaga kai ta ce ita dabararta ta ci?

Abin da ya fi fitowa fili shi ne kujerar ta zama wurin hutun tsofaffin gwamnoni. Gaya ya yi Gwamna a 1992. Kwankwaso ya yi daga 1999 zuwa 2003, ya sake yi daga 2011 zuwa 2015, ya sauka ya zarce majalisa. Shekarau ya yi daga 2003 zuwa 2011, ya yi Ministan Ilimi, ya gaji kujerar daga hannun Kwankwaso. Daga 2015 zuwa 2023 biyu daga cikin sanatocin Kano uku tsofaffin gwamnoni ne. Mutumin da ya riƙe baitulmalin jiha da hannunsa tsawon shekara takwas bai gama da matsalar ruwan sha ba, wai shi ne za a tura ya je ya zama murya ɗaya cikin 109 ya gyara! Kuma a zamanin sanatancin Kwankwaso rigimarsa da Ganduje ta kai ga a Janairun 2018 sai da ya fasa ziyarar da ya shirya kawowa Kano bayan 'yan sanda sun ba shi shawarar kada ya zo. Wakili ke nan da shiga mazaɓarsa ta zama abin da ake tsoron zubar da jini a kai. Jinin wa? Ba dai na 'ya'yansu ba.

Zancen jam'iyya kuwa, kura ma ta ji kunya. Kwankwaso ya bar PDP ya shiga APC a ƙarshen 2013, sai Shekarau ya fice daga APC ya koma PDP a farkon 2014. Kwankwaso ya dawo PDP a Yulin 2018, sai Shekarau ya sake tattara kayansa ya koma APC. Kamar kishiyoyi, wannan ta shigo ɗaki waccan ta fita. A Mayun 2022 aka ga su biyun a inuwa ɗaya, NNPP, aka yi ta kiɗa ana cewa an haɗe. Watan Agusta bai ƙare ba Shekarau ya koma PDP. Abin dariya, abin kuka: da aka yi zaɓen 2023 sunansa na nan a takardun hukumar zaɓe a matsayin ɗan takarar NNPP, jama'a suka dangwala wa kwandon kayan marmari, aka bayyana shi a matsayin wanda ya ci kujerar a jam'iyyar da ya riga ya bari. Sai da Kotun Ƙoli ta ce Hanga ne halastaccen ɗan takara. Ashe dubban ɗaruruwan mutane sun yi layi a rana ba su ma san takamaimai wa suke zaɓa ba. Kawu Sumaila, wanda ya kawo ƙarshen shekara 16 na Gaya a ƙarƙashin NNPP, shi ma a 2025 ya koma APC, jam'iyyar wanda aka zaɓe shi don ya kayar. Sashe na 68 na tsarin mulkin da suka rantse da shi ya ce ɗan majalisar da ya bar jam'iyyar da ta kawo shi ya bar kujerar, sai fa in jam'iyyar ta rabu. Shi ya sa duk wanda zai yi tsalle sai ya fara shelar cewa jam'iyyarsa "tana cikin rikici".

'Yan korensu za su ce ai Sanata wane ya raba babura da kekunan ɗinki, ya haƙa rijiyoyin burtsatse, ya tura ɗalibai karatu waje. Za su ce Barau ne ya kai ƙudurin Hukumar Raya Arewa Maso Yamma wadda aka sa wa hannu a 2024. Ba a musanta ba. Haka nan ba a musanta cewa a Mayun 2006 Majalisar Dattawa ta yi watsi da tazarcen Obasanjo ba, kuma an yaba. Amma rabon babur aikin attajiri ne mai neman lada, ko na ɗan takara mai neman ƙuri'a. Aikin sanata shi ne doka, da kasafin kuɗi, da tantance ministoci, da amincewa da bashi ko ƙin amincewa, da bin diddigin inda kuɗin jama'a suka shiga. A nan ne za a auna shi. A Mayun 2023, saura 'yan kwanaki Buhari ya sauka, Majalisar Dattawa ta sa albarka ga bashin Naira tiriliyan 22.7 da gwamnati ta riga ta kwasa daga Babban Banki ta kashe, aka mayar da shi bashin shekara 40. Jaririn da aka raɗa wa suna a wannan makon sai ya yi furfura ana biya. Kasafin 2023 da suka zartar, lokacin Barau na shugabancin kwamitin kasafi, tanadin tallafin mai na rabin shekara kawai aka yi a ciki. Litar fetur da ake saye ƙasa da Naira 200 ta haura 1,000 a 2024. Wanda aka bai wa babur ɗin nan, da me zai zuba masa mai?

Su kuwa nasu tanadin bai taɓa yankewa ba. Tun 1999 aka fara da kuɗin kujeru da gadaje, Naira miliyan 3.5 kowane sanata. A 2018 Shehu Sani na Kaduna ya fasa ƙwai cewa kowannensu na karɓar miliyan 13.5 duk wata da sunan gudanar da ofis. A Agustan 2024 Kawu Sumaila da bakinsa ya shaida wa Sashen Hausa na BBC cewa abin da ke shigo masa a wata ya kai miliyan 21. A yaba masa da ya faɗa, don sauran sun yi gum. Amma a yi lissafi. Mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a Yulin 2024 Naira 70,000 ne, wato sanata ɗaya na ɗaukar na leburori 300. A shekara miliyan 252, a zango ɗaya na shekara huɗu ya haura biliyan.

Kuma a wane wata aka yi wannan magana? A watan da matasan Kano suka fito kan titi suna kukan yunwa, aka harbe waɗanda aka harbe, aka kwashi waɗanda aka kwasa zuwa Abuja. Bayan wata uku a tsare, ranar 1 ga Nuwamba 2024, aka gurfanar da su a Babbar Kotun Tarayya bisa zargin cin amanar ƙasa, cikinsu har da ƙananan yara, ƙasusuwan haƙarƙarinsu a waje, wasu suka yanke jiki suka faɗi a gaban alƙali. Sai da hotunan suka zagaya duniya, aka yi ta Allah wadai, sannan aka ba da umarnin sakin su. Tsakanin wannan kotu da zauren da dattijan Kano uku ke zama, tafiyar 'yan mintuna ce a mota.