Yawan Mabiya Ba Ciniki Ba Ne

A 'yan shekarun nan wata magana ta zama ruwan dare a tsakanin masu ƙananan sana'o'i na cikin birnin Kano: wai duk wanda kayansa ba su fito a TikTok ko Instagram ba, kasuwa ta wuce shi, kuma mafita ita ce a biya wani mai tarin mabiya ya ɗaga kayan a bidiyo. Tela mai shago a Sheshe, da matar aure mai haɗa humra da turaren wuta a cikin gida, da mai yin alkaki da dubulan na gara, duk ana yi musu wannan huɗubar. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, amma ga akasarinsu ɓarnar jari ce.

Aibi na farko yana cikin yadda ake biyan ladan aikin. Mai mabiya yana karɓar kuɗinsa kafin ya ɗora bidiyo, kuma ko an sayi kwalba ɗaya ko ba a saya ba, nasa ya shiga aljihu. Abin da yake sayarwa shi ne kallo, shi kuwa mai kaya ciniki yake nema. A ɗauka, a matsayin misali, ribar kwalbar humra naira 1,000 ce, aka biya 100,000 kuɗin talla. Sai an sayar da kwalba 100 kafin a koma inda aka taso, ban da kwalaben da aka kai wa mai tallar kyauta don ya nuna. Mutane da yawa ba sa yin wannan lissafin, domin ganin kayansu a hannun sananne yana da daɗi, daɗin kuma yakan rufe ido.

Abin mamaki shi ne garin da ake wannan yayi ya daɗe da warware matsalar. Sheshe ba ta da nisa da Kasuwar Kurmi, wadda ake danganta kafuwarta ga Sarki Muhammadu Rumfa da ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Sa'ad da matafiyin nan Heinrich Barth ya iso Kano a 1851, ya tarar tufafin da aka saƙa aka rina a nan suna kaiwa har Timbuktu. Dillali da fatoma suna cikin ginshiƙan irin wannan fatauci. Dillali ya san kaya, ya san mai saye, ya san farashi, kuma la'adarsa ba ta fitowa sai an ce "Allah ya ba da riba". Fatoma kuwa yana sauke baƙo, ya adana masa kaya, ya tsaya masa idan an ba da bashi. Abner Cohen, a littafinsa na 1969 kan Hausawan Sabo a Ibadan, ya nuna cinikin shanu da goro ya dogara ne a kan masu gidajen da sunansu ke zubewa idan wanda suka lamunta ya ci amana. Dillaliya mai shiga gida-gida da atamfa da kwanuka ita ma haka: idan kaya suka zuba, ita za a tara a soron gidansu. Wannan tsari bai tsira daga ha'inci ba, dillalan ƙarya sun sha cin baki biyu. Amma ya ɗaure ribar mai talla da ta mai kaya a igiya ɗaya, tallar mai mabiya kuwa ta raba su.

Sai maganar su waye masu kallon. Mabiyan ɗan barkwanci ko jarumar fim sun watsu daga Maradi zuwa Jidda, da yawansu kuma dariya suka zo yi. Telan da ke cikin lungu, wanda abokan cinikinsa ke zuwa awo da ƙafarsu, ba ya amfana da mutum dubu da suka danna alamar so a Legas. In ma an dace odar ta zo da yawa, sai wata matsalar ta taso. Mai keke biyu da yaro ɗaya ba zai iya ɗinkin mutum ɗari a jajiberin Sallah ba. Sai saɓa alkawari, sai a dawo ƙarƙashin bidiyon nan a yi masa tonon silili a gaban jama'ar da ya biya kuɗi aka tara.

Akwai kuma masu cewa su ƙwararru ne wajen kula da shafi. Wasunsu sun iya aikin. Amma sau da yawa mai kula da shafin shi ke buɗe shi da lambar wayarsa, shi kaɗai ya san kalmar sirri, ranar da aka ɓata kuwa sai ya tafi da shafin da lambobin masu saye gaba ɗaya. Babu ɗan kasuwar Kantin Kwari da zai bar wa yaron shago mukulli da littafin bashi ba tare da shi ya san abin da ke ciki ba, amma a waya ana yin haka kullum.

Doka ma ba a cika ambatarta ba. Tun 2022 hukumar ARCON ta maye gurbin APCON wajen sa ido a kan tallace-tallace a Najeriya, kuma ikonta ya haɗa da na intanet. Abinci na ƙunshi da kayan shafa da magungunan gargajiya suna ƙarƙashin NAFDAC, wadda ke neman a yi musu rajista, a kuma nemi izininta kafin a tallata su. Idan mai bidiyo ya zaƙe ya ce man shafawa yana warkar da kowace cuta, mai kayan ne zai fara amsa tambaya.

Wanda ya dace ƙaramar sana'a ta ɗauka, mutum ne da za a iya auna aikinsa. Ya fara tambayar nawa ake samu a kan kowane kaya, da nawa ake iya yi a mako, kafin ya yi maganar bidiyo. Ya yarda a biya shi ɗan abin aiki, sauran ya zama la'ada a kan abin da aka sayar ta hannunsa. Ya kawo sunan masu sana'ar da ya yi wa aiki, a je a tambaye su ido da ido. Shafi da lambar WhatsApp da asusun da kuɗi ke shiga su kasance da sunan mai kaya. A yi gwajin wata guda, duk wanda ya saya a tambaye shi inda ya ji labari, a rubuta. Sau da yawa irin wannan mutum ɗalibi ne a unguwa da ya iya ɗaukar hoto, ko mai ƙunshi da gyaran amare wadda masu sayen humra ke zama a gabanta kullum.

Tallar mai mabiya tana da muhallinta. Dila a Kantin Kwari mai sito cike da atamfa, wanda ke da direbobin da ke kai masa saƙo Abuja da Yamai, zai iya mayar da kallon nesa ciniki, domin yana da kayan da zai cika oda da jarin da zai jure idan talla ɗaya ta tashi a banza. Mai shago a Sheshe da ya kai matsayin neman masu saye a wajen unguwa, sanarwa a gidan rediyon gari irin Freedom, wanda ke watsa shiri a Kano tun 2003, ta fi kusa da kunnen mutanen da za su iya hawa adaidaita su zo shagonsa a ranar.