Ruwa da Sukari Ba Maganin Doki Ba Ne

Raina yana ɓaci idan na ji mai doki a Mbamoi, mutumin da ya zuba dukiya a kan ingarma saboda hawan Salla a ƙofar fadar Lamiɗo, yana yabon 'yan ƙwayoyin nan farare da ake kira homiyofati. Wai daga waje aka kawo su, wai ba su da illa. Ina za su samo illa alhali babu komai a cikinsu?

Wani likita Bajamushe, Samuel Hahnemann, ya ƙirƙiro abin a 1796. Ana ɗiga ɗigo ɗaya na magani cikin ɗigo 99 na ruwa ko barasa, a girgiza, a ɗebi ɗigo ɗaya a sake, har sau 30 idan an rubuta 30C a kwalba. Da an wuce karo na 12, ko ƙwayar zarra ta maganin ba ta saura. Sai a ɗiga ruwan a kan sukari a sayar maka. Wallahi ka ɗiga magani a Binuwai daga gadar Jimeta, ka je Numan ka ɗebo, ya fi wannan ƙarfi. Sassaƙen Bafulatani, ko ba a auna shi ba, aƙalla akwai itace a ciki.

"Ai dabba ba ta san yaudara ba, na ba shi kuma ya miƙe." Malam, ba dokin aka ruɗa ba, kai aka ruɗa. Ciwo da yawa kan warke da kansa, kai kuma idonka na neman abin da ka biya kuɗi ka gani. A 2016 mujallar Veterinary Record ta buga bitar gwaje-gwaje 52 da aka yi wa shanu da aladu da kaji; babu ko ɗaya da aka maimaita a yanayi iri ɗaya aka tabbatar da sakamakonsa. A 2017 hukumar likitocin dabbobi ta Birtaniya ta ce abin ba shi da tushe a kimiyya.

Ɓata lokacin ne ke kisa. Dokin da cikinsa ya ƙulle na iya mutuwa kafin gari ya waye, sammore kuma ba ya jin sukari. Na kare ya fi muni: wanda ya bar allurar rigakafin haukan kare, wadda cibiyar binciken dabbobi ta Vom ke yi a nan gida, ya koma ga waɗannan ƙwayoyi, da ran yaran unguwa yake wasa. Ya kamata NAFDAC ta tare masu tallar ƙwayoyin nan, su kawo shaidar gwaji ko su kwashe kwalabensu.