KIWON LAFIYA: ALKYABBAR ƘWAYAR TAIFOD

A watan Mayu na 2018 cutar kwalara ta ɓarke a Mubi ta Jihar Adamawa, ɗaruruwan mutane suka kwanta, aka kuma yi hasarar rayuka. Ita kwalara ba ta ɓoye zuwanta, amai da gudawa su ne masu yi mata shela. Amma gurɓataccen ruwan da ke kawo ta yakan ɗauko wata ƙwayar cuta wadda ta fi ta wayo, watau ta zazzaɓin taifod. Wannan takan ratsa bangon hanji ta shiga jini, inda ya kamata a ce ajalinta ya sauka.

Dalili kuwa, cikin ruwan jini akwai wasu sinadarai fiye da 30, mafi yawansu hanta ke yin su, waɗanda masana ke kira kwamfilimen, watau mataimaka. Wani masani na Beljiyam, Jules Bordet, ya bayyana aikinsu a 1895. Da zarar baƙuwar ƙwaya ta shigo, sai su manne mata alama, su kirawo fararen ƙwayoyin jini su haɗiye ta, ko su huda jikinta ta fashe.

To, yaya taifod ke tsira? A 1934 masana biyu a Landan, Felix da Pitt, suka gano tana lulluɓe da wata alkyabba mai suna Vi. Alkyabbar tana rufe wuraren da alamar za ta manne, sai ƙwayar ta wuce ta samu mafaka a hanta da saifa da ɓargo. 'Yan'uwanta na cikin hanji ma suna da tasu dabarar. Wasu suna da dogayen zarurruka a bayansu, masu hana mataimakan nan isa ga fatarsu. Wasu kuma sukan yi shigar burtu, su sanya riga irin ta ƙwayoyin jikin mutum.

Saboda haka mutum yakan yi mako ɗaya ko biyu da cutar bai sani ba. In zazzaɓi ya taso a ce na cizon sauro ne, a yi ta shan maganin da ba nasa ba, har wani lokaci hanji ya huje.

Sai dai kowane gwani da gwaninsa. Da wannan alkyabbar aka haɗa allurar rigakafi, domin jiki ya shaida ta tun kafin mai ita ta iso. A ƙarshen 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da sabuwar allurar da a ke yi wa yara tun daga wata 6, Laberiya da Zimbabuwe kuma suka sanya ta cikin rigakafin yara na yau da kullum a 2021.

Amma tare hanya tun daga baki ya fi sauƙi. Ruwan rijiya ne, ko na Kogin Yedzaram, ko na 'yan ga-ruwa, lalle a tafasa shi kafin a sha, a kuma wanke hannu da sabulu bayan an kewaya. Zazzaɓin da ya wuce kwana 3 kuwa, asibiti ne mahallinsa, domin a auna jini.